Ruwan da Aka Yi a Aji

Na fara koyar da lissafi a wata sakandare da ke wajen Kiru a ƙarshen shekarun tamanin. Ni mutumin Bebeji ne, gidanmu manoma ne tun kaka da kakanni, kuma ni na fara riƙe alli a gidan. Makarantar ba wuta, ba famfo. Ɗakin gwajin kimiyya kuwa suna ya tara: dogayen tebura, 'yan kwalabe, sai jemagu a sili. Amma tana da malamin kimiyya, kuma har na yi ritaya ban sake ganin irinsa ba.

Bafulatani ne daga wajen Doguwa, dogo, siriri, mai saurin dariya. Gida ɗaya aka ba mu a gidajen malamai, ɗakina yana kallon nasu, shi da iyalinsa. Ina ce masa ɗan Fulani, yana ce mini Kaɗo. Mahaifinsa yana kiwo yana kuma noman masara a wata ruga da ta daɗe da zama ƙauye. Shi kaɗai aka saki ya yi boko a gidansu, shi ma ba da son ran tsohon ba. Ban taɓa ganin babban mutum mai tsoron ɓacin ran ubansa kamar abokin nan nawa ba. Duk ƙarshen wata sai ya hau mashin ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya dawo da man shanu a kwano yana washe baki. "Baffa ya sa mini albarka," zai ce tun daga ƙofa, don haka yake kiran mahaifin nasa. Ni kuwa sai in ce masa madalla, a buɗe kwanon.

Koyarwarsa da tarkace yake yi. Fasasshen tabarau, gwangwanin madara, tsohon batirin rediyo, tayar keke, duk abin da ka yar zai tsince ya kai aji. Yara kan manta da fita hutun tara in yana ciki. Kuma shi ke jan sallar azahar a masallacin makaranta, don ya fi mu duka karatu. Sai dai in ya shiga aji ba ya kawo maganar addini ko kaɗan, kuma da gangan yake yi. Wata jarrabawa ya tambayi abin da ke sa inuwar mutum ta gajarce da tsakar rana, wani ɗalibi ya rubuta masa, "Ikon Allah ne." Ya ba shi sifili, ya kira shi gefe ya ce, "Gaskiya ka faɗa, amma kakarka da ba ta taɓa shiga aji ba ma ta san wannan. Ni yadda abin yake faruwa na tambaye ka." Da na tsokane shi cewa liman guda ya ba ikon Allah sifili, sai ya daina dariya. Ya ce sunan Allah ya fi ƙarfin a mai da shi murfin lalaci, kuma shi ba zai koya wa 'ya'yan mutane su riƙa fakewa da shi duk sanda ba su yi karatu ba. Wasu malaman suna ganin bai kyauta ba, suna cewa ilimin da ba a ambaci Mai shi a kansa ba ba ya albarka. Ni dai ba ruwana a lokacin, don ba wanda ya taɓa tare ni ya tambaye ni ina addini a cikin biyu da biyu.

A farkon shekarun casa'in aka tura ni wani kwas na dogon hutu a Zariya. A nan na fara ganin kwamfuta ido da ido, guda ɗaya tal a ɗaki mai sanyi, mu kuma gungu guda muna leƙe ta bayan juna. Yawancin aikin a takarda muka yi shi. Malamin da ya ɗauke mu ya koya mana wani salon rubuta wa kwamfuta umarni wanda komai a cikinsa fankshan ne, abin nan da nake ce wa yara injin niƙa: ka zuba dawa ta sama, gari ya fito ta ƙasa. Sai dai wannan injin ba irin na unguwarmu ba ne, wanda in wata ta niƙa barkono, wadda ta biyo bayanta sai gidanta sun ci tuwo mai yaji. Shi ba ya riƙe komai, ba ya tuna wanda ya zo jiya, ba ya taɓa abin da ba a miƙa masa ba. Abin da ka ba shi yau, in ka ba shi baɗi, amsa ɗaya za ka samu. Kana iya haɗa injin surfe da injin niƙa ka ba su suna guda, shi ke nan sun zama inji ɗaya, ka rufe murfi ka daina tunanin abin da ke ciki. Har inji kana iya miƙa wa wani injin ya yi aiki da shi. Malamin ya ce sirrin duka shi ne ka san abin da za ka rufe ka ƙyale, don kan mutum ba zai ɗauki komai a lokaci guda ba.

Abin ya shiga raina ƙwarai. Na dawo na ishi kowa da shi, har shugaban makaranta ya fara canza hanya in ya hango ni. Abokina ne kaɗai ya zauna ya saurare ni har ƙarshe, wata la'asar a gindin mangwaron ƙofar gidanmu. Da na gama sai ya buga cinya ya ce, "Kaɗo, ashe kana da amfani! Ai abin da nake yi a aji ke nan ban san yadda zan faɗe shi ba. Ni abin da ya shiga da abin da ya fito nake nuna wa yara. Wanda ya ƙera injin, wannan ba a kwalba ake auna shi ba." Ya ji daɗi sosai ranar, kamar an sauke masa kaya. Ni ma na ji daɗi, don ba kullum malamin lissafi yake samun mai yaba masa ba.

Daminar da ta biyo baya ta zo da gardama. An yi ruwan shuka, mutane suka shuka, sai sama ta ɗauke. Gero ya fito ya tsaya yana murɗewa. Daga Kiru har Bebeji ba ka jin zancen komai sai na ruwa, an fita roƙo an sake fita. A cikin wannan hali ne manhaja ta kawo abokina kan darasin yadda ruwan sama yake samuwa. Da ni ne da na tsallake babin na dawo masa daga baya. Shi kuwa kansa bai kawo masa komai ba. Ya ɗauki rishonmu da butar shayi, ya sa aka ɗebo ruwan randa mai sanyi a farantin ƙarfe. Buta ta tafasa, tururi ya tashi ya bugi gindin farantin, ya taru, ya fara ɗiga a kan tebur. Yara suka ɗau sowa, "Malam ya yi ruwa! Malam ya yi ruwa!" Ina ajin da ke kusa, na ji su, na kuma ji shi yana dariya yana cewa su yi shiru su zana abin da suka gani.

Yawancin ɗalibanmu 'yan jeka-ka-dawo ne. Suka koma gida suka ba da labari a gidajen da ake kwana ana kallon sama. Kafin kasuwar Kwanar Dangora ta ci ta watse, maganar ta zama wai wani malamin boko ya ce shi ma yana iya saukar da ruwa, a daina wahalar fita roƙo. Dillalan shanu suka ɗauke ta suka kai Tudun Wada, daga can ta gangara Doguwa. A makaranta abin bai yi nisa ba, shugabanmu ya tara iyaye ya yi musu bayani, abokina ya ba da haƙuri, aka watse. Amma bayan 'yan kwanaki sai ga wani ƙanen mahaifinsa ya zo a motar haya. Ko ruwa bai sha ba. Ya ce Baffa ya ce a gaya masa kada ya sake taka masa gida.

Na ga mutum ya zube a gabana. Ya daina cin abinci, ya daina tsokanata, in ya ja sallah muryarsa ba ta kai sahu na biyu. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don a ganina mai iyali bai kamata saƙo ɗaya ya karya shi haka ba. Ran nan ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado ya ce, "Kaɗo, raka ni gida. Ni in na ga Baffa bakina mutuwa yake yi. Kai ka iya magana. Ka yi masa bayanin injin nan naka yadda ka yi mini, zai gane." Na ce masa to.

Muka tashi da safe ranar Asabar a kan mashin ɗinsa, ta Kwanar Dangora muka miƙe kudu. Har Tudun Wada gonaki duk iri ɗaya ne, shuka ta yi yaushi, mutane suna tsaye a bakin kunya ba abin yi. Muka ratsa dajin Falgore. Da hantsi ya ɗaga muka isa.

Tsohon yana zaune a kan buzu a gindin ɗorawa, da carbi a hannu. Shanunsa suna can gefe, ƙasusuwan kwankwasonsu a waje. Muka cire takalma tun daga nesa muka durƙusa. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi mutanen Bebeji, ya tambayi hanya. Gaisuwar ɗansa kuwa ya bar ta ta faɗi ƙasa. Abokina ya sunkuyar da kai ya fara bayani yana in'ina, buta ce, tururi ne, faranti ne, wallahi bai taɓa cewa yana saukar da ruwa ba. Tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Wannan ai ko matan gida sun sani," in ji shi. "Murfin tukunya ma yana zufa. Na san ban haifi mahaukaci ba."

Sai na ji sanyi a raina, na ce ashe abin mai sauƙi ne. Ya juyo gare ni.

"Malam, kai ne abokin zamansa. Da ya nuna wa yaran zufar murfi, ya ce musu haka ruwan sama yake. To sai ya ce musu wa yake saukar da shi?"

Na gyara zama. Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, abin kamar injin niƙa ne." Na yi masa bayani a hankali, kuma na san na yi shi da kyau. Na ce mace takan kai dawa inji ta karɓi gari ba tare da ta buɗe cikinsa ba, kuma rashin buɗewar ba ya nufin ta ce ba wanda ya ƙera shi. Na ce ilimin da ɗansa yake koyarwa iyakarsa ke nan, abin da ya shiga da abin da ya fito: rana ta bugi ruwa, tururi ya tashi, ya yi sanyi, ya sauko. Wanda ya tsara haka, da dalilin da ya sa ya ba wasu ya hana wasu, wannan an rufe shi an bar wa malaman addini, don ya fi ƙarfin awo. Na ce girmamawa ce, ba musu ba ne.

Ya saurare ni bai katse ni ba. Ya ja carbinsa kaɗan, sannan ya ce, "Na ji. Matar nan da ta kai niƙa, ba ta buɗe inji ba. To mai injin yana zaune a wurin. Ba ta gaishe shi?"

Na ce takan gaishe shi.

Abokina ya ɗago da sauri. "Baffa, ina gaishe shi. Ni nake jan su sallah kullum."

"A masallaci," in ji tsohon. "A wurin niƙan fa?"

Abokina ya ce daga yau zai riƙa farawa da bisimilla da ƙarfi, zai riƙa gaya wa yara a kowane darasi cewa duk wannan tsarin Allah ne. Tsohon ya girgiza kai, kuma a lokacin ne na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ni na koya maka karatu da bakina kafin su ɗauke ka. Yaron da na sani ko tuntuɓe ya yi sai ya ambaci Allah. Shekara da shekaru kana tsaye gaban 'ya'yan mutane kana zancen rana da ruwa da iska, bai zo bakinka ba, sai yau don na yi magana? Da musu kake yi ma da na san yadda zan yi da kai. Ba kai ne ba ka da kyau ba, wurin ne. Wurin da ya koya maka yin shiru, ka bar shi. Ka ajiye allin ka dawo gida, in yafe maka."

Jinina ya tafasa. Ina da amsa, har guda nawa ma. Na so in ce masa shirun nan ba mantuwa ba ce, ɗansa ya zaɓe shi ne don kada yara su raina sunan da yake karewa. Na so in tambaye shi ɗaruruwan yaran da ke can wa zai koya musu. Na buɗe baki, sai na ji hannun abokina a kan ƙafata yana dannawa. Ba a yi wa mutum gardama da ubansa a ƙofar gidansa. Na haɗiye maganata.

"Na ji, Baffa," in ji abokina. "Na yi maka alkawari. Ba zan sake shiga aji ba sai da izininka."

Tsohon ya miƙa hannu ya dafa kansa ya daɗe yana addu'a da Fillanci. Aka kawo mana fura da nono. Abokina ya sha sosai, rabonsa da abinci an kwana biyu. Ni ko cokali uku ban iya kaiwa ba.

A hanyar dawowa na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce masa ya bari a ƙare zango mana. Ya ce Baffa bai ce ƙarshen zango ba. Cikin makon ya kwashe iyalinsa da kayansa, ya bar mini rishon da tarkacensa na aji a kwali. Shugaban makaranta, Allah ya jiƙansa, ya ƙi tura maganar gaba, ya ce a bar ta a matsayin hutu ko Allah zai sa a dace. Ba a jima ba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, gero ya farfaɗo, mutane suka manta da zancen malamin da ya yi ruwa a aji. Ba a turo mana wani malamin kimiyya ba. Ni aka ɗora wa ajin, ina karanta musu littafi suna hamma, ni ma ina jin kunyar kaina.

Na daɗe ina jin haushin tsohon nan, kuma ba zan ce ya gama fita daga raina ba. Har yau ban ga kuskure a bayanin da na yi masa ba. Dole mai neman sani ya rufe wani abu kafin ya ga wani, ko a lissafi ko a kimiyya, kuma rufewa ba ƙaryatawa ba ce. Amma tambayarsa ma ban iya jefar da ita ba. Mutumin da ya saba rufe murfi kullum, shekara da shekaru, yana iya wayar gari ya manta akwai wani abu a ciki. Abokina bai manta ba, ni shaida ne. Tsohon dai ba shi da hanyar da zai tabbatar da haka daga gindin ɗorawarsa, kuma tsoro yake ji, tsoron a tambaye shi ɗansa ranar gobe.

Da kaka na je na duba shi. Na same shi a gona yana karyar masara, hannuwansa sun yi kanta, ya ƙara baƙi. Tsohon ya tarbe ni da fara'a kamar ba abin da ya taɓa faruwa, yana ta kiran ɗansa, zo ka zuba mini ruwan alwala, zo ka duba mini ɗan maraƙin nan. Da muka keɓe abokina ya tambaye ni yaransa ɗaya bayan ɗaya, wa ya gane, wa ya koma baya. Ya ce, "Ka ce wa shugaba ya ƙara haƙuri. Bari Baffa ya huce sosai, ya ga ina nan ina sallah a bayansa. Na san shi, yana da taushi. Zan samu rana in roƙe shi ya sake ni."

Ranar ba ta samu ba. Bayan an gama girbi tsohon ya kwanta ciwo, kuma ba a tayar wa majinyaci maganar da ta taɓa ɓata masa rai. Abokina ya yi ta jinya yana jiran ya samu sauƙi. Da bazara ta yi tsanani aka aiko mana cewa Allah ya yi masa rasuwa.

Muka je gaisuwa mu da yawa daga makaranta. Sauran suka juyo a ranar, ni na tsaya har aka yi sadakar uku. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya inda zan tari mota. Ya ce mini a hannunsa Baffa ya cika, kuma kafin ya cika ya ce masa ya yafe masa duniya da lahira. Yana faɗa yana murmushi, hawaye na bin gemunsa. Na taya shi murna, don abin murna ne.

Na ɗan jira, sannan na ce, "Ɗan Fulani, gurbinka yana nan fa. Shugaba ya ce in gaya maka. In an yi arba'in sai ka shirya."

Sai ya girgiza kai.

"Kaɗo, sai da izininsa na ce. Da yana raye zan durƙusa in roƙe shi, ko shekara nawa ne, wata rana zai ce je ka. Yanzu wa zan roƙa?"

Na ce akwai malamai, a tambaye su, na tabbata za su ce alkawari irin wannan ba ya bin mutum bayan mai shi ya tafi. Ya ce ya sani, shi ma ya karanta. Ya ce ba hukuncin ne ya dame shi ba, a kan wannan alkawarin aka yafe masa.

Mota ta zo ya tsayar mini da ita. Ya sa mini jakata a ciki, ya ce in gaida yara, in ce musu su yi karatu. Ya zauna a ƙauyen nan yana noma da kiwo har ƙarshen rayuwarsa, bai sake shiga aji ba.